Kondem: Maganin Ciyawar da Ya Karɓe Aikin Fartanya a Gonakin Tamale

Da zarar ruwan farko ya sauka, wajen ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, kasuwar Aboabo ta birnin Tamale takan sauya wari. Ban da ƙamshin daddawa da man kaɗe da ƙurar masara, sai wani wari mai hawa kai ya riƙa fitowa daga shagunan kayan noma, inda aka jera kwalaben roba masu cin lita guda tun daga ƙasa har rufi. Waɗanda shago bai ɗauka ba an baje su a kan tebur a bakin titi, suna shan rana.

Masu saye kuwa daga ko'ina suke: Savelugu, Tolon, Kumbungu, Karaga, har da 'yan cikin gari, malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati da 'yan Zango masu gona a bayan gari. Mutum zai tsayar da babur ya ce a ba shi kondem huɗu. Mai shago ya tambaye shi eka nawa, ya miƙo wanda yake da shi, a ɗaure a bayan babur tare da buhun taki. Da wuya ka ga wanda ya juya kwalbar ya duba rubutun jikinta, wanda galibi da Turanci yake, wani lokaci ma da Faransanci.

Kondem shi ne sunan da manoman Ghana suka laƙaba wa maganin da ke share ciyawa kakaf. Akasari ana nufin gilifoset, maganin ciyawar da aka fi fesawa a duniya, wanda ake sayarwa da sunaye barkatai irin su Roundup da Sunphosate da Adwumawura. Sai dai a kan teburin nan akwai wasu kwalaben masu kama da shi a ido, waɗanda aikinsu a jikin tsiro da ɓarnarsu a jikin mutum suka sha bamban da nasa. A wajen mai saye duk tafiyarsu ɗaya.

Turai da Amurka sun shafe sama da shekara goma suna ta-ƙi-faɗi a kan ko gilifoset na jawo ciwon daji. Muhawara ce mai nauyi, za mu kuma zo kanta. Amma duk wanda ya tsaya a bakin gona a Nyankpala, kusa da Tamale, ya ga yadda ake haɗa maganin, ya san akwai tambayoyin da suka fi wannan gaggawa.

Yadda fartanya ta sha kaye

Damina ɗaya ce tal a arewacin Ghana, daga wajen Mayu zuwa Oktoba. Mutanen kudu suna da biyu, wanda ya yi sake a ta farko sai ya rama a ta biyu. A ƙasar Dagomba kuwa, wanda ciyawa ta riga shi a makonni biyar ko shida na farkon tsiron masara ya san rumbunsa ba zai cika ba, ko taki nawa ya zuba.

A da hannu ake sa wa abin. Magidanci da ƙannensa da 'ya'yansa su yi noman farko, su dawo maimai, in aiki ya fi ƙarfinsu a kira gayya. Yau yara suna makaranta. Samari wasu suna ramukan zinariya na galamsey, wasu suna jan babur mai ƙafa uku a titunan Tamale. 'Yan mata da dama sun gangara Accra da Kumasi suna dako a kasuwa. 'Yan ƙodagon da suka rage sun yi tsada, kuma a mako ɗaya kowa ke nemansu.

Tarakta ta ƙara dagula lissafin. Ana iya yi wa mutum kaftun eka goma cikin kwana ɗaya ko biyu, amma babu taraktar da za ta bi masa layi-layi ta cire ciyawa. Gona ta faɗaɗa, hannu ya ragu. Saurayi ɗaya da injin feshi na goyo yana gama eka kafin azahar, aikin da zai ci mutane da yawa yini guda da fartanya.

Wani masanin harhaɗa sinadarai a Suwizalan, Henri Martin, shi ya fara haɗa gilifoset a 1950 a wani kamfanin magunguna, ba a ga amfaninsa ba aka ajiye. Sai a 1970 John Franz na kamfanin Monsanto a Amurka ya gano yana kashe tsiro, aka fito da shi kasuwa a 1974 da sunan Roundup. A Ghana, shirin Sasakawa Global 2000 tare da Monsanto da Cibiyar Binciken Amfanin Gona ta Kumasi ne suka riƙa koya wa manoma shuka ba kaftu a shekarun 1990: a fesa, ciyawa ta mutu ta rufe ƙasa, a yi shuka a cikinta.

A lokacin tsada ce ta hana shi yaɗuwa. Da haƙƙin mallakar Monsanto ya ƙare a shekarar 2000, masana'antun ƙasar Sin suka shiga yi, farashi ya faɗi warwas. Ƙungiyoyin ba da bashin kayan noma irin su Masara N'Arziki, wadda kamfanonin Wienco da Yara suka kafa a 2009, suka sa maganin ciyawa a cikin ƙunshin da suke ba manomi tare da iri da taki. Daga nan ya zama ruwan dare.

Abin da ke cikin kwalbar

Gilifoset ƙaramin sinadari ne mai sauƙin gini. Gindinsa gilaisin ne, ɗaya daga cikin tubalan da jikin mutum da dabba da tsiro ke gina furotin da su, sai aka liƙa masa wani reshe mai ɗauke da fosfaras, dangin wanda ke cikin takin zamani.

Tsiro shi yake haɗa wa kansa duk abin da jikinsa ke buƙata. Akwai tubala uku na furotin da yake ƙerawa ta wata hanya mai matakai bakwai, wadda masana ke kira hanyar shikimet. A mataki na shida akwai wani sinadarin aiki mai suna EPSPS. Gilifoset ya yi kama da ɗaya daga cikin kayan da EPSPS ke karɓa, sai ya shige gurbinsa ya maƙale, kamar tsakuwa a injin niƙa. Aiki ya tsaya, tsiro ya kasa yin sabon furotin, ya yi ta cin abin da ya tara har ya ƙare.

Shi ya sa ba ya nuna aikinsa nan take. Sai bayan kwana huɗu zuwa bakwai ganye yake fara rawaya, bushewa sosai kuwa takan kai mako biyu. A cikin waɗannan kwanaki maganin yana bin ruwan jikin tsiro daga ganye har saiwa. Da haka yake iya tofa da kiri-kiri, ciyayin da ko ka sare su da fartanya jijiyarsu ta ƙarƙashin ƙasa za ta sake tsirowa. Wanda tofa ta taɓa kora daga gona ba sai an yi masa bayanin darajar wannan ba.

Mutum da dabba ba su da hanyar shikimet, waɗancan tubalan ta abinci suke zuwa mana. Wannan ne ginshiƙin hujjar masu kare gilifoset, kuma hujja ce mai ƙarfi. A gwajin ɓeraye, adadin tsantsarsa da ke kisa a ci ɗaya ya fi na gishirin miya yawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a aji na uku, na masu ƙaramin haɗari. Sai dai ƙwayoyin bakteriya da yawa, har da wasu na cikin hanjin mutum da na ƙudan zuma, suna da wannan hanya, kuma masana na ci gaba da bin diddigin abin da hakan ke haifarwa.

Kuma ba tsantsar gilifoset ake sayarwa a Aboabo ba. Kwalbar da aka rubuta wa 480, ko kashi 41 cikin ɗari, tana ɗauke da kimanin giram 360 na ainihin maganin a kowace lita. Ragowar ruwa ne da wani sinadari dangin sabulu, wanda ke sa maganin ya manne wa ganye ya ratsa shi. Wanda aka fi sani a cikinsu, POEA, daga kitsen shanu ake yinsa, kuma ya fi gilifoset ɗin kansa cin ido da fata, ya fi shi kashe kifi da 'ya'yan kwaɗi. Tarayyar Turai ta hana haɗa shi da gilifoset a 2016. Takardar jikin kwalba ba kasafai take faɗin wane iri aka zuba ba. Shan abin da ke cikin kwalbar yana ƙona maƙogwaro da ciki, yana iya faɗar da hawan jini ya kai ga mutuwa, don haka kwatancen gishirin nan a ɗakin gwaji ya tsaya.

Ruwan dam da gwangwanin madara

Reshen fosfaras ɗin nan yana da wata ɗabi'a: da ya haɗu da laka, ko ƙarfen da ke cikin jar ƙasa, ko sinadarin kalsiyam, sai ya maƙale musu ya daina aiki. A gona wannan alheri ne. Maganin da ya faɗi ƙasa ba ya bin saiwar shuka, har ana iya fesawa bayan an binne iri matuƙar bai tsiro ba, sannan ƙananan halittun ƙasa su narkar da shi cikin makonni ko watanni. Haka kuma ba ya taɓa irin ciyawar da ke kwance a ƙasa, shi ya sa manoman masara ke haɗa shi da atirazin, wanda ke zama a ƙasa ya tare sabon tsiro.

A cikin injin feshi kuwa wannan ɗabi'ar asara ce. Ga yadda abin yake a gonaki da yawa. Mai feshi zai iso da jarkoki biyu na ruwan dam a kan babur, ruwan ya yi jajir da laka, don a farkon damina ba a samun wanda ya fi shi. Ya buɗe murfin injin mai cin lita 15 ko 16, ya tuttula ruwa, ya auna magani da gwangwanin madara ya zuba. In babu sanda kusa, hannu ne abin motsawa. Ya goya injin da riga mai gajeren hannu da silifa a ƙafa, ya shiga ciyawa yana fesa gabansa yana taka inda ya fesa. In murfin ya saki, maganin ya bi gadon bayansa har ƙugu ya gauraye da gumi. In kan feshin ya toshe, a cire a hura da baki.

Tun kafin maganin ya bar injin, laka ta riga ta cinye wani ɓangare nasa. Ruwan rijiyar burtsatse mai yawan kalsiyam shi ma haka yake yi. In aka yi ruwan sama cikin sa'o'i shida da feshi, an wanke ganyen. In fari ne ya riski ciyawar ta yi yaushi, ba ta shan magani yadda ya kamata. Bayan mako guda manomi ya dawo ya tarar da ciyawa kore shar, sai ya yanke hukunci cewa maganin bana ba shi da ƙarfi. A karo na gaba gwangwani ɗaya ya zama biyu. Da an tace ruwan, ko an bar shi ya kwana ya kwanta, da kuɗin gwangwani na biyu yana aljihu.

Ba kullum ne zargin manomi yake zama banza ba. Masu bincike na Jami'ar Jihar Michigan sun sayi samfurin gilifoset ɗari a kasuwannin Mali suka auna, suka tarar kusan rabinsu jabu ne ko marasa rajista, kuma irin waɗannan sun gaza na gaskiya ƙarfi da kimanin kashi goma cikin ɗari. Kasuwar kayan feshi ta Afirka ta Yamma a haɗe take, abin da ke Bamako yana iya kasancewa a Tamale.

Akwai kuma abin da ke tafe. Ciyawar da ake yi wa magani ɗaya shekara da shekaru takan fitar da jinsin da ba ya jin sa. An fara ganin haka da gilifoset a Ostireliya a 1996, ba da jimawa ba aka gan shi a jikin tuji a Maleshiya, wannan tujin dai da ke bakin kowace hanyar gona. Yau nau'in ciyayin da suka bijire masa a duniya sun haura hamsin. Magani mai rauni da feshin da bai kai ba su ne suka fi saurin renon irin wannan ciyawa.

Kwalbar da ke kusa da ita

Manomi yana son ganin aikin kuɗinsa, gilifoset kuwa ba ya sauri. Nan parakwat ke samun shiga. Shi ne maganin da kamfanin ICI na Ingila ya fito da shi a 1962 da sunan Gramoxone, kuma a yau ana sayar da shi da sunaye da yawa. In aka fesa shi da safe, kafin rana ta faɗi ganye ya fara ƙonewa. Yana sace ƙarfin da ganye ke samu daga hasken rana ya mayar da shi guba mai fasa ƙwayoyin ganyen. Saiwa kuwa ba ya zuwa gare ta.

Wasu sukan zuba su biyun a inji ɗaya da tunanin an ƙara ƙarfi. Ai an rage ne. Parakwat yana ƙone ganyen kafin gilifoset ya samu hanyar gangarawa ƙasa, sai tofa ta yi kamar ta mutu, bayan mako uku ta dawo.

A jikin mutum kuwa ba a haɗa su. Parakwat yana taruwa a huhu, ya yi masa irin aikin da yake yi wa ganye, ya lalata ƙoda, kuma har yau ba shi da makari. Kurɓa ɗaya tana iya kisa, sau da yawa bayan kwanaki ana wahala. Yana ratsa fata mai ciwo ko wadda ta daɗe a jiƙe da shi, yana cin farce, yana sa haɓo. Saboda haka ne masu yinsa ke zuba masa launi shuɗi-kore da wari da abin sa amai. Duk wannan kariya takan tashi a banza idan mai tebur ya tsiyaya wa wanda ba shi da kuɗin lita guda a cikin gorar lemo, aka kai gida aka ajiye inda yaro zai gani.

Tarayyar Turai ta hana shi a 2007. Ƙasashen Sahel masu kwamitin magungunan feshi na bai-ɗaya, ciki har da Burkina Faso da Nijar da Mali, sun hana shi a 2011. Ƙasar Sin, wadda ta fi kowa yinsa, ta hana sayar da na ruwa a cikin gidanta a 2016. Hukumar NAFDAC ta Najeriya ta sanar da janye shi daga farkon 2024.

Ga inda rashin bambance kwalba ke iya cin rai. In aka kawo wanda ya sha magani Asibitin Koyarwa na Tamale, 'yan uwansa suka ce kondem ne kawai, likita bai san da me yake faɗa ba. Iskar oksijin da ake sa wa mai ƙarancin numfashi tana ƙara wa mai parakwat ɓarna a huhu, don haka sai dole ake ba shi ita. Gawayin asibiti da ke kama gubar a ciki kuwa a sa'o'in farko yake da amfani. Al'adar ɗura wa mutum manja ko madara don ya yi amai tana ɓata lokaci, tana kuma iya kai maganin cikin huhu. Abin da ya kamata a ɗauko tare da mara lafiya shi ne kwalbar.

Batun ciwon daji

A watan Maris na 2015, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, IARC, da ke Lyon a Faransa, ta sa gilifoset a rukunin 2A, na abubuwan da akwai yiwuwa mai ƙarfi suna jawo wa mutum ciwon daji. Ta ce shaidar da aka samu a dabbobi ta wadatar, ta mutane kuwa taƙaitacciya ce, kuma ta shafi wani nau'in sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira limfoma. A wannan rukunin akwai jan nama da aikin dare. Tambayar da cibiyar ke amsawa ita ce ko abu yana iya jawo cutar, ba ta auna yawan da mutum zai haɗu da shi kafin hakan ta faru.

Hukumomin da ke auna yawan sun ba da wata amsar. Hukumar lafiyar abinci ta Turai a ƙarshen 2015, da kwamitin haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da ta Abinci da Aikin Gona a 2016, da hukumar kare muhalli ta Amurka, duk sun ce da wuya ya jawo ciwon daji a yadda ake haɗuwa da shi. Wani babban bincike da ya bi masu feshi sama da dubu hamsin a jihohin Iowa da North Carolina ya fito a 2018 bai ga alaƙarsa da limfoma ba. A 2019 kuma wasu masana suka tattara bincike da dama, suka ce waɗanda suka fi kowa cuɗanya da shi haɗarinsu ya ƙaru da kimanin kashi arba'in cikin ɗari.

Kotu ta ƙara wa wutar fetur. A watan Agustan 2018 wata kotu a San Francisco ta ba Dewayne Johnson, mai kula da filin makaranta da ya kamu da limfoma, diyyar dala miliyan 289, wadda daga baya aka rage zuwa kimanin miliyan 20. A 2018 ɗin ne kamfanin Bayer na Jamus ya sayi Monsanto, ya gaji dubban ƙararraki, a 2020 ya amince ya biya kimanin dala biliyan goma ba tare da amsa laifi ba. Takardun cikin gida da shari'ar ta bankaɗo sun nuna hannun ma'aikatan Monsanto a wasu rubuce-rubucen kimiyya da suka fito da sunan masana na waje, abin da ya zubar da amana ƙwarai. Duk da haka Tarayyar Turai ta sabunta masa izini na shekara goma a ƙarshen 2023.

Me mai gona a Kumbungu zai ɗauka daga nan? Mai cin tuwo dai hankalinsa na iya kwanciya. A arewacin Ghana kafin shuka ta fito ake fesa gilifoset, ba a kanta ba, domin ba a noma irin masara da waken suyan da aka sauya wa halitta don su jure shi, kamar yadda ake yi a Amurka tun 1996. Waken Songotra-T da cibiyar binciken noma ta SARI da ke Nyankpala ta fitar, wanda wasu ke rikita shi da wannan batu, tsutsar wake aka yi shi ya jure, ba maganin ciyawa ba.

Mai feshi ne abin dubawa. Duk hukumar da ta wanke gilifoset ta yi hakan ne bisa sharaɗin an bi umarnin jikin kwalba: safar hannu, dogon wando, takalmin roba, awo daidai, wanka bayan aiki. Inda kuma shakku ya rage a tsakanin masana, a kan masu yawan cuɗanya da shi ya rage. Saurayin da ke yi wa mutane feshin kuɗi daga Mayu zuwa Yuli, da injin da ke yoyo a bayansa, yana cikin waɗannan, kuma babu lauyan da ke jiransa.

Miya da makiyaya

Fartanya tana da ido. Mai noma yana ganin ayoyo ko gasaya ko alayyafon da ya fito da kansa a tsakanin kunya, ya kauce masa, don ya san miyar tuwon zafi ce. Yana ganin ɗan tsiron kaɗanya ko ɗorawa ya bar shi. Feshi ba ya bambancewa. Mata a ƙauyukan da ke kewaye da Tamale sun daɗe suna kukan cewa ganyen da ake tsinka kyauta a gona yanzu sai an saya a kasuwa, kuma atirazin ya sa kuɓewa da wake da yakuwar da ake sawa a cikin masara ba sa yi. A ƙasar da man kaɗe ke riƙe da gidaje da yawa, rashin ƙananan kaɗanya a gonaki ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake sai bayan shekaru za a ji shi.

Sai dai matan nan ba baki ɗaya suke ba. Bazawara ko matar da aka ba 'yar gona, wadda ba ta da ikon kiran gayya kuma sai an gama ta maigida ake waiwayar tata, ita ta fi kowa cin moriyar kwalbar. Masu goyon bayan shuka ba kaftu su ma suna da hujja: matacciyar ciyawa tana rufe ƙasa, ta riƙe laima, ta hana zaizaya, abin da ya fi ƙona daji da kaftu kowace shekara.

Makiyaya kuwa nasu kukan na dabbar da ta ci ciyawar da aka fesa ne, tun da gilifoset ba ya nuna alama a kwanakin farko. Sannan dam ɗin da ake ɗiban ruwan feshi, a wanke inji a bakinsa, shi ne wanda shanu ke sha, a ƙauyuka da yawa har da mutane.

Doka da robar gishiri

Ghana ba ta rasa doka ba. Tun dokar magungunan feshi ta 1996, ba a shigo da magani ko a sayar sai Hukumar Kare Muhalli, EPA, ta yi masa rajista, mai sayarwa kuma sai da lasisi. Sashen kare tsirrai na Ma'aikatar Abinci da Aikin Gona yana da masu duba shaguna. Amma shagon da ke kan titin Tamale daban, teburin ranar kasuwa a ƙauye daban, kuma jami'an ba su kai yawan kasuwannin ba.

Masu kiran a hana gilifoset baki ɗaya suna nuna Togo, wadda ta yi hakan a ƙarshen 2019. Masu adawa suna nuna Siri Lanka, wadda ta hana a 2015, masu gonakin shayi suka yi ta kukan asara, aka sassauta musu a 2018. A ganina, hana gilifoset alhali parakwat yana kan tebur gudun gara ne a faɗa gidan zago, domin hannun da zai koma wa fartanya ba ya nan, kuma manomi zai ɗauki kwalbar da ta rage. Ƙungiyar kamfanonin magungunan feshi ta CropLife da wasu shirye-shiryen raya noma sun gwada wata hanyar a arewa: a horar da samari, a ba su kayan kariya, su zama masu feshin haya. Matsalar ita ce rigar roba a zafin Mayu na Tamale ba kowa ke iya jure ta ba, in kuma ta yage ba mai sabuntawa.

A 2012 sashen aikin gona na cocin Presbyterian a arewa ya fitar da rahoto tare da ƙungiyar Christian Aid, inda ya ce a ƙarshen 2010 manoma 15 sun mutu a yankin Upper East, ana zargin gubar magungunan feshi. Rahoton ya shafi magungunan gona ne gaba ɗaya, ba na ciyawa kaɗai ba, kuma yawancin mace-macen ya danganta su da ajiya: an aje magani kusa da abinci ya zuba a ciki.

Ka'idar kwalbar da ta ƙare ita ce a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan ɗaurayar a cikin injin feshi, a huda ta yadda ba za ta sake riƙe komai ba. A ƙauye kuwa roba mai murfi mai kyau dukiya ce. Ana zuba mata gishiri, ana zuba man gyaɗa, ana kai ruwan sha gona da ita, wasu har alwala suke yi da ita. Matuƙar mai shago bai fara karɓar tsohuwar kwalba ya rage wa manomi wani abu a kuɗin sabuwa ba, da wuya a samu mai huda ta.